Rufin gidan gado a Aboabo: mu kware yanzu ko mu jira hunturu?

Danlami_Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara daga duk wanda ya taɓa sauya rufin gida alhali mutane suna ciki. Gidanmu na gado ne a Aboabo da ke Kumasi, ɗaki 11, marigayi Baba ya gina shi tun ba a haife ni ba. Kwanon na farko ne, tsatsa ta gama da shi. Bara da damina ɗaki 7 suka yi yoyo, ɗakin Mma kaɗai bokiti 4 muke jerawa, har da robar wanki a kan gado. Mun yi ta faci da kwalta, yanzu facin ma ba ya kamawa. Kafinta ya hau ya duba, ya ce a kware gaba ɗaya. Mun tara abin da zai sayi kwano, amma ga shi muna ƙarshen Fabrairu, hadari ya fara haɗuwa da yamma. A gidan akwai Mma da ba ta iya tafiya sosai, da iyalina, da ƙanwata, da 'yan haya 5. Mu fara yanzu mu yi tsere da ruwa, ko mu sake haƙurin damina ɗaya mu bari sai Disamba? Kuma wanda ya yi, a ina kuka kwana, ina kuka kai kaya?

Rabi_Asawase:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mma lafiya. Ni dai da za ka ji tawa, kada ka buɗe gida a Maris. Ruwan farko a Kumasi ba ya sallama, kuma shi ne mai iska.

Baba_Sule_Tafo:
Danlami, ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muke nesa sai dai mu faɗi abin da muka gani. Tambaya ɗaya zan yi maka kafin komai: bangon gidan bulo ne ko laka ce aka shafe da siminti? Yawancin tsofaffin gidajen zango laka ce a ciki. In haka ne, yoyon nan ba katifa kaɗai yake jiƙawa ba, kan bango yake ci a hankali. Na ga gida a Tafo Zango da aka yi ta cewa a jira, a jira, ran nan da asuba bangon ɗaki ya zauna. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki.

Danlami_Aboabo:
Baba Sule, ɓangaren gaba ɗaki 6 laka ce, na baya da aka ƙara daga baya bulo ne. Ɗakin Mma yana cikin na lakar.

Baba_Sule_Tafo:
To ka gani. Wannan ɓangaren ba zai jira Disamba ba.

Masta_Issah:
Salamu alaikum. Ni kafinta ne, shekara 22 ina kan rufi. Alaji Danlami, ba a kware gida mai mutane gaba ɗaya. Duk kafintan da ya ce maka zai yaye ɗaki 11 rana ɗaya don aiki ya yi masa sauƙi, sauƙin kansa ya duba, ba naka ba. Ana yi ne yanki-yanki. Da safe bayan asuba a buɗe ɗaki biyu, a duba katako, a sauya wanda ya mutu, kafin la'asar a rufe. Abin da ba za ka iya rufewa yau ba, kada ka buɗe shi yau. Ruwan wannan lokaci yawanci da yamma yake zuwa ko da dare, saboda haka in ana farawa da wuri ana iya aiki har cikin Maris. Amma sharaɗi: kwano da katako da ƙusa duk su kasance a tsakar gida kafin a zare ƙusa ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu, ka ce kun tara kuɗin kwano. Na katako fa? Wannan shi ne abin da ke tsayar da aiki a tsakiya. Daga ƙasa ba ka ganin komai, silin ya rufe. Sai an ɗaga kwano za ka ga katakon da kake zaton lafiya lau ne, ka danna da yatsa ya burma, gara ta cinye cikinsa ta bar fata.

Ummu_Ridwan:
Maganar Masta gaskiya ce, kuma ni na ga abin da idona. Bari in ba ku labarinmu, ko wani zai amfana.

Namu gidan a Sabon Zango yake, ɗaki 5. Maigida ya yi jinga da wani kafinta, ba zan kama suna ba, ya ce kwana uku ya gama. Ranar farko suka yaye duka. Da suka ga katako sai ya sauko ya ce wannan ba zai ɗauki sabon kwano ba, sai an sayo wani. Kuɗin hannunmu bai kai ba. Maigida ya fita neman rance, su kuma suka shimfiɗa tamfol suka danne da duwatsu da tsofaffin tayoyi suka tafi.

Dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, na ji tamfol yana bugawa kamar ana kaɗa ganga. Kafin in tashi yara iska ta ɗauke gefe ɗaya. Ruwa ya taru a kan silin, filawud ɗin ya yi ciki kamar tulu, ina kallonsa da hasken waya yana saukowa a hankali. Na ja Ridwan daga kan katifa, ban kai bakin ƙofa ba ya fashe. Ba ruwa kaɗai ya zubo ba, ƙurar shekaru ce da kashin ɓera da na jemage, baƙi ƙirin, a kan gado da akwatunan kayana na aure. Muka kwana a zauren maƙwabta, ni da yara huɗu, maigida yana tsaye cikin ruwa yana jan igiya shi kaɗai. Atamfofin da mahaifiyata ta bar mini har yau tabon bai fita ba.

Saboda haka Yaya Danlami, ko yaushe za ku yi, ku fitar da kaya daga ɗakin da za a buɗe, kada ku ce za a rufe da leda. Leda ba ta tare silin in ya faɗo. Kuma tamfol a ɗaure shi da igiya a jikin katako, dutse ba ya riƙe shi.

Rabi_Asawase:
Subhanallah. Ummu Ridwan, abin da nake tsoro kenan. Shi ya sa na ce a jira.

Dan_Alabar:
Akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata. Ruwa yakan ɗan tsagaita a Agusta, tsakanin babbar damina da ƙarama. A yi ɓangaren laka yanzu, a yi na bulo a Agusta, an raba nauyin kuɗi kuma.

Injiniya_Fuseini:
Shawarar Dan_Alabar tana da ma'ana, sai dai Agusta ba busasshen wata ba ne, yayyafi yakan yi. Ga ɓangaren bulo ba damuwa.

Bari in yi magana kan kwanon kansa, tunda nan ake yawan cutuwa. Wanda ake kira aluzinc ƙarfe ne aka lulluɓe da haɗin alminiyam kashi 55 cikin ɗari, sauran kusan duka zinki ne da ɗan silikon. Ya fi tsohon kwano mai zinki zalla jure tsatsa. Amma kauri shi ne magana. A kasuwa za ka ji 0.30, 0.35, 0.40, 0.45, duk milimita ne. Ido ba ya bambance su, sai ka taka ko iska ta gwada. Ni ba na ba kowa shawarar ya sauka ƙasa da 0.40 a gidan da yake so ya bar wa 'ya'yansa. Ka sa a rubuta kaurin a rasit, ka kuma sa a auna a gabanka ranar da aka kawo, akwai ɗan ma'auni na musamman da ake matse bakin kwano da shi.

In za ka iya, ka sa a yanko maka dogon kwano daidai tsawon rufinka daga sama har ƙasa. Ba haɗi a tsakiya, kuma yawancin yoyo daga haɗi da ramin ƙusa yake farawa. Kada a yanka shi da giranda a kan rufi, tartsatsin ƙarfen da ke zuba a kai shi ne ke fara tsatsa bayan wata kaɗan. Kada kuma birkila ya bar ɗanyen siminti a jikinsa, yana cin alminiyam ɗin da aka lulluɓe shi da shi.

Abdul_Nima:
Gaisuwa daga Accra. Mu nan matsalarmu iskar teku ce. Wanda yake kusa da ruwa, irin su Chorkor da Jamestown, gishiri yana cinye kwano da wuri, shi ya sa wasu suke zaɓar alminiyam zalla. Ku a Kumasi ba ku da gishiri amma ruwanku ya fi namu yawa nesa ba kusa ba. Ni na sa alminiyam a Nima, ba ya tsatsa, amma yana da laushi, yaro ya hau ɗauko ƙwallo sai ka ga shaidar ƙafarsa.

Masta_Issah:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma in ƙara abu ɗaya: dogon kwano ba kowane lungu yake shiga ba. Lungunan Aboabo wasu ko aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba ta wucewa. Kwano mai ƙafa 20 sai an ɗauko a ka, mutum uku, ana lanƙwasa kwana yana karyewa. A fara auna hanya kafin a auna rufi.

Danlami_Aboabo:
Na gode ƙwarai. Lungunmu aboboya tana shiga har ƙofar gida, alhamdu lillahi. Masta, kafintanmu ya ce in sayi katakon wawa don ya fi araha. Me ka gani?

Masta_Issah:
Wawa katako ne mai laushi, ƙwaro da gara suna son sa. Yana da amfaninsa, wajen zuba kankare da aikin silin, amma ba zan ɗora masa nauyin rufi ba. Ka nemi mai tauri, irin dahoma, ko esa in an jiƙa shi da magani sosai. Odum shi ne sarki amma yanzu samunsa da tsadarsa sai mai hali. Ka je Sokoban da kanka, inda aka mayar da masu katakon Anloga, ka tafi da wanda ya san itace. Kada ka aika. Ka duba kada a ba ka ɗanye, don ɗanyen katako in ya bushe a kan rufi yana murɗewa ya zare ƙusa. A shafe kowane guda da maganin gara tun yana ƙasa, har bakin da aka yanka, ba bayan an ɗora ba. Araha ba ta ado, Alaji.

Baba_Sule_Tafo:
Kuma kada ka bari su zubar da tsohon katako duka. Gidajen da aka gina a zamanin mahaifinka da yawa odum aka sa. Na ga wanda aka cire bayan shekara 50, ƙusa ba ta shigarsa don tauri. Wasu yaran kafintoci za su ce maka duk ya mutu, da yamma ka ga an ɗora a aboboya. Ka tsaya a wurin, kowane guda ka buga shi da guduma ka ji ƙararsa.

Masta_Issah:
Baba, ba dukanmu ba ne. Amma na yarda, mai gida ya tsaya a kan aikinsa. Ni ma na fi son haka, gobe ba zargi.

HajiyaMemuna:
Duk kuna maganar kwano da katako, ba wanda ya yi maganar tsohuwa. Danlami, ɗana, ka saurare ni. Lokacin da muka yi namu a Akwatia Line mahaifiyata tana da rai, tana da shekara sama da 80. Muka ce ta koma gidan yayana na mako ɗaya, ta ce ita ba ta fita daga ɗakin da mijinta ya bar ta. Muka bar ta a ɗakin kusa. Bugun guduma daga safe har yamma, ga ƙura, ga rana ta shigo inda ba ta saba shiga ba. Kwana uku tari ya kama ta, sai da muka kwana asibiti. Da na sani da na lallashe ta ko da kuka ne.

Ka fara da ɗakinta, a gama shi rana ɗaya, amma ita ta yi kwana uku ko huɗu a wani gida har ƙura ta kwanta, a wanke ɗakin a goge. Kada ka ce mata "za mu fitar da ke". Ka sa wadda take jin maganarta, ƙanwarta ko babbar jikarta, ta zo ta ce ta yi marmarinta ta zo ta kwana biyu. Kayanta kuma ita za ta nuna yadda za a ɗaure su, kada kowa ya taɓa mata ƙullin da ke ƙarƙashin gado ba da saninta ba.

Danlami_Aboabo:
Hajiya, kamar kin san Mma. Jiya na fara taɓa maganar ta ce ita da ɗakin nan sai dai a fitar da gawarta. Zan kira Gwaggo da ke Asokore Mampong.

Awudu_Hamburg:
Salam. Ni tambayata daban ce. Tunda gidan gado ne, wa ke biya? Ina tambaya don namu ya kusa raba zumunci. Ni nake waje, kowa ya ɗauka ni zan ɗauki komai. Na turo kuɗi a 2022, kafin 'yan uwa su gama gardamar launin kwano kuɗinmu sidi ya faɗi, kaya suka tashi, a Disamban shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari. Kuɗin da zai rufe gida duka ya koma rufe rabi. Daga nan aka fara cewa wane ya ci, wane ya rage. Ba wanda ya ci ko kwabo, jinkiri ne ya ci. Ni shi ya sa ba na goyon bayan a ajiye kuɗi har Disamba. Ko ba za a yi aikin yanzu ba, a sayi kwanon a jingine.

Injiniya_Fuseini:
In za a ajiye, kada a jibge shi a ƙasa a fili. Ruwa in ya shiga tsakanin kwano da kwano ya kwana, yana ɓata fuskar tun ba a ɗora ba. A ɗaga shi a kan katako, a karkata shi, a cikin rumfa.

MalamTanko:
Game da tambayar Malam Awudu. Abin da na sani shi ne gidan da magada suka yi tarayya a kansa, gyaransa yana bin kason kowa, mai babban kaso ya ɗauki babban nauyi. Wanda ya biya fiye da nasa, a fayyace tun farko: kyauta ce ya yi don Allah, ko bashi ne da za a cire daga kuɗin haya? A rubuta, a sa shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. 'Yan uwa suna jin kunyar rubutu a tsakaninsu, sai bayan shekara goma 'ya'yansu su zo suna shari'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a san hannun wa da wa.

Danlami_Aboabo:
Mu bakwai ne, maza uku mata huɗu. Abin da muka tara daga kuɗin haya ne da adashin da ni da ƙanwata muka ɗauka. Gaskiya ba mu rubuta komai ba. Malam, zan kawo maganar ranar Juma'a in mun haɗu.

Zuwera_K:
Ku yi haƙuri in yi magana a madadin 'yan haya, tunda ni 'yar haya ce. Inda nake a da, mai gida ya tashe mu da safe ya ce yau za a yaye, ko sanarwar kwana ɗaya babu. Ina sayar da koko da ƙosai, garina da wakena duk ƙura ta shiga. Da aka gama kuma ya ce rufi sabo, haya sabuwa, a kawo na shekara biyu gaba. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da wata shida gaba, amma wa ke bi? Yaya Danlami, don Allah ku tara su ku gaya musu ranar da za a taɓa ɗakin kowa, ku ba su wurin ajiye kaya mai makulli. In za ku ƙara haya ku faɗa tun yanzu, kada su ji daga baya.

Dan_Alabar:
Amma Zuwera, a yi wa mai gida adalci shi ma. Kuɗin hayar ɗaki ɗaya na shekara ba ya sayen kwanon da zai rufe ɗakin da katakonsa. In bai ƙara ba daga ina zai mayar?

Zuwera_K:
Ban ce kada ya ƙara ba. Na ce ya faɗa da wuri, kuma ya ƙara abin da mutum zai iya. Mu ma shekara nawa muna biya muna tara ruwa a bokiti, ba wanda ya rage mana.

Rabi_Asawase:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci.

Sani_Waya:
Ni mai aikin wuta ne. Kafin kowa ya hau, a kashe wuta daga mita. Tsofaffin gidaje wayoyinsu a kwance suke cikin silin, ɓera ya ci bawonsu, kwano kuma ƙarfe ne. Tunda za a buɗe sama, lokacin ne mafi sauƙi a sauya wayar a sa ta cikin bututu. In an rufe sai an fasa silin. Ku kuma lura da wayar da ta shigo daga fol, dogon kwano in ana ɗaga shi yana iya taɓa ta.

Abdul_Nima:
Wani abu da na manta. In akwai ɓangaren da aka rufa da tsohon silet ɗin nan mai kama da siminti, kicin ko banɗaki, ku yi hankali. Da yawa daga cikin na da akwai asbestos a ciki, ƙurarsa tana lalata huhu, kuma ciwon ba ya fitowa sai bayan shekaru masu yawa. Kada a fasa, kada a yanka, a jiƙa shi da ruwa a sauke shi ɗungurungum, masu aiki su rufe hanci, yara su yi nisa. Kada kuma a ba wani ya kai gida ya yi kejin kaji.

Danlami_Aboabo:
Kicin ɗinmu na tsakar gida irinsa ne. Wallahi ban san haka ba, da yara ne za su kwashe.

Awudu_Hamburg:
Tunda za a sake, me zai hana ku yi irin na zamani, wanda ake ɗaga bango ya ɓoye rufin? Ya fi kyau a ido, iska kuma ba ta samun bakin kamawa.

Masta_Issah:
Alaji Awudu, a kan bangon laka? A'a. Ko a kan bulo ma, ɓoyayyen rufi duk ruwansa a kwata ɗaya yake taruwa a bayan bango. Ganye ko leda ta toshe ta, ruwan Yuni ya sauko, sai ya koma cikin ɗaki. Rabin kiran gyara da nake samu yanzu daga irin waɗannan ne. Gidan laka yana son rufi mai baki ya fito waje sosai ya kare bango daga feshin ruwa. Maganar iska kuwa, ɗauri ne. Katakon da ke kwance a kan bango a ɗaure shi da ƙarfe ya kama ginin, kowane rafta, wato katakon da ke gangarowa daga saman rufi, a ɗaure shi da shi. Rufin da kake gani iska ta ɗauke ta jefa a titi, NADMO, hukumar agajin gaggawa, suna zuwa duba ɓarna, yawanci da katakonsa yake tashi gaba ɗaya, don ba abin da ya riƙe shi sai nauyinsa. Ƙusa kuma a kan tudun kwano ake bugawa, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma mai roba a wuya.

Injiniya_Fuseini:
Na yarda da Masta. In kuma za a canja siffar ginin, ba sauya kwano kaɗai ba, gara a leƙa ofishin asambili, wato ƙaramar hukuma, a ji ko ana bukatar izini. Aboabo a ƙarƙashin Asokore Mampong take.

Ummu_Ridwan:
Abin da ba wanda ya gaya mini kafin mu fara: girki. Kwana tara ban ɗora tukunya a gida ba, ƙura da ƙusa ko'ina. Kuɗin da muka kashe wajen sayen wake da shinkafa da tuwo a waje, da na masu aiki, ba mu sa shi a lissafi ba. Sannan ƙusa. A sayi maganaɗisu a ɗaure a igiya a ja a tsakar gida kowace yamma. Ƙaramar 'yata ta taka wata mai tsatsa, sai da aka yi mata allura.

Baba_Sule_Tafo:
Da dare kuma namiji ya kwana a gidan. Gida a buɗe, sabon kwano a jingine, idon mutane yana kai. Tsohon kwanon ma kuɗi ne, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da kansu. A yi magana da kafinta tun farko cewa na gida ne, don wasu suna ɗauka hakkinsu ne.

Rabi_Asawase:
Ni har yanzu ina kan bakana. Duk wannan shiri da kuke lissafawa, katako daga Sokoban, mai wuta, taron magada, lallashin Mma, ba abin mako ɗaya ba ne. Kafin a gama an shiga Afrilu. A sayi tamfol mai kauri a lulluɓe ɓangaren laka daga sama a ɗaure, ya fitar da su damina, a yi aiki a natse da hunturu.

Baba_Sule_Tafo:
Rabi, 'yata, tamfol a kan tsohon kwano mai kaifi, rana ta gasa shi, iska ta goga shi, ba ya kai Yuni.

Danlami_Aboabo:
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana 12, ku yi haƙuri da shiru. Ga inda muke.

Mun zauna mu bakwai, biyu ta waya, mun rubuta abin da kowa ya bayar. Ba a rabu lafiya lau ba, babban yayanmu yana ganin a jira, amma ya yarda a yi ɓangaren Mma. Gwaggo ta zo da kanta ta tafi da ita, Mma ta ce sai dai kwana uku, yau kwananta biyar.

Ranar Talata muka buɗe ɗakinta da na kusa da shi. Maganar Masta da ta Baba Sule duka sun fito. Manyan katakon odum ne, lafiyarsu ƙalau, sai guda biyu da ruwa ya ci bakinsu inda suka shiga bango. Amma ƙananan da ake buga kwano a kai duk sun zama gari. Kan bangon kusurwar gabas kuma ya jiƙe har hannu yana shiga, sai da birkila ya rushe kamar ƙafa ɗaya da rabi ya sake ɗaurawa. Wannan ya ci mana yini guda da ba mu shirya ba, muka kwana da tamfol. Na ɗaure shi da igiya kamar yadda Ummu Ridwan ta ce. An yi hadari, an yi walƙiya ta wajen Oforikrom, ban runtsa ba, ina zaune a tsakar gida da tocila, amma Allah ya sa bai sauko ba.

Wani abu kuma. Da yaron kafinta ya ɗaga kwanon da ke saman gadon Mma, sai ya ga gwangwanin madara babba a saƙale tsakanin katako da bango, an naɗe shi da tsumma. Ya miƙo mini. A ciki akwai takardu da rubutun ajami na hannun Baba, lissafin ginin ne: bandir nawa na kwano ya saya, nawa ya ba kafinta, da sunayen mutum huɗu da suka ranta masa kuɗi, kowane suna an ja masa layi alamar ya biya. A ƙasa ya rubuta addu'a ga duk wanda zai zauna a gidan. Na tsaya a nan cikin ƙura na kasa magana. Da na kai wa Mma ta karɓa ta shafa, ta ce ta tuna ranar da ya hau ya ajiye, tana da cikin yayanmu.

Yanzu ɗaki 4 sun rufu, saura 2 a ɓangaren laka. Kuɗin katako da birkila ya ci abin da muka ware wa ɓangaren baya, saboda haka kwanon can yana rumfa a jingine. 'Yan haya uku da ke can na gaya musu gaskiya, mun yafe musu hayar wata biyu saboda za su sake damina da yoyo.

HajiyaMemuna:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Ka sa a ɗauki hoton takardun a ba kowane ɗa. Kada Mma ta dawo sai warin maganin gara ya fita.

Zuwera_K:
Allah ya saka da alheri kan 'yan hayar. Amma ku ɗan yi musu faci kafin Afrilu, ko na wucin gadi ne.

Rabi_Asawase:
Alhamdu lillahi da ruwan bai sauko ba. Ni dai na baya kada ku taɓa shi a Agusta, ku bari sai Disamba.

Dan_Alabar:
Agusta ya isa, ɗaki 5 na bulo kwana huɗu ne.

Masta_Issah:
Alaji, kafin ku rufe biyun da suka rage, ka hau da kanka ka duba ɗaurin kusurwar da aka sake ginawa. Sabon gini bai gama bushewa ba, kada su ɗaure ƙarfen a jikinsa kaɗai, ya sauka ya kama tsohon bango. Kuma wane kauri aka kawo maka, ka sa an auna?

Danlami_Aboabo:
An auna a gabana, 0.40 ne. Ɗaurin kuwa ban duba ba, Masta. Gobe bayan asuba zan hau kafin su zo.